Rabin Aji a Ƙauyukan Jigawa: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

A ƙauyukan Jigawa, daga ƙasar Ringim da Kazaure har zuwa Gumel da Haɗejiya, makarantun firamare da dama suna da aji guda na yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba, wanda mutane suka fi sani da rabin aji. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda iyaye suka fi yi a kansa, a taron makaranta, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ko a gidan suna idan mata suka yi katari da malamar ajin.

Mene ne rabin aji, kuma ɗan shekara nawa ake kaiwa?

Rabin aji shi ne ajin da ke share wa yaro fage kafin ya shiga aji ɗaya. Dokar ilimin bai ɗaya ta shekarar 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta ware shekara guda ta share fage ga 'yan shekara 5, wadda shekara 6 na firamare da shekara 3 na ƙaramar sakandare ke bi mata baya. A Jigawa, Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha, wato SUBEB da ke Dutse, ita ke da alhakin waɗannan azuzuwa a makarantun gwamnati, ta hannun sakataren ilimi na kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 27.

A aikace kuwa, 'yan shekara 3 da 4 ma suna cika ajin, domin sukan biyo yayyensu da safe, kuma ba kowane hedimasta ne zuciyarsa ke ba shi ya mayar da su gida ba. Tsohuwar dabarar nan ta a sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne ba ta nuna shekaru daidai, musamman ga yaron da ƙarancin abinci ya tauye masa girma. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko katin riga-kafi na asibiti, sun fi ta tabbas.

Ana biyan kuɗi?

A makarantar gwamnati ilimin tushe kyauta ne bisa doka. Idan aka nemi gudunmawar tabarma ko randa ko sabulu, ya kamata a ce iyaye ne suka amince da ita a taro, aka rubuta, kuma ba a kori yaro saboda ubansa bai samu bayarwa ba.

Kullum yarona yana dawowa ya ce wasa da waƙa suka yi. Wannan karatu ne kuwa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma tana da dalili, domin mutumin da ya hana ɗansa bin awaki da safe yana so ya ga abin da aka musanya masa da shi. Amsar ita ce, a waɗannan shekaru wasan da aka tsara shi da manufa shi ne karatun, kuma hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce mutum ya je ya tsaya a bakin taga na ɗan lokaci.

Zai iya tarar da malama ta zube ƙwallayen goruba da marafan kwalba da tsakuwa a kan tabarma, ta ce wa yara su ware kowane iri gefe guda. Idan sun gama, sai ta ɗaga yatsu uku ta ce kowa ya kawo mata marafai daidai yatsun nan. Wani zai kawo biyu, wani zai cika hannu ya kawo, wata kuma za ta riƙa taɓa marafan ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki har ta tsaya a kan uku. Wannan ta ƙarshen ta kama abin da ake nema, wato kowane abu yana da lambarsa guda, kuma lambar da aka tsaya a kanta ita ce adadin duka. Yaro na iya rera ƙirga daga 1 zuwa 100 babu tuntuɓe, amma idan aka ce ya miƙo dabino biyar ya kasa. Wanda ya iya miƙo biyar ɗin ya fi shi kusa da lissafi, ko da a 10 ƙirgarsa ta tsaya.

Haka abin yake ta fuskar rubutu. Yatsun ɗan shekara 4 ba su yi ƙwarin da za su daɗe riƙe da fensir ba, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne murza laka, da tuwon ƙasa, da zura wuri ko duwatsu a zare, da zane a rairayi da tsinke, da haɗa motar kara. Waƙa kuwa tana horar da kunne ya rarrabe sautuka, wanda shi ne matakin farko na haɗa baƙi da wasali. Abin da ya cancanci iyaye su yi ƙorafi a kansa shi ne ajin da aka bar yara suna ta guje-guje babu mai lura, ko wanda aka zaunar da su tun safe suna amsa abin da ba su san ma'anarsa ba.

To, me ya kamata ya iya kafin ya shiga aji ɗaya?

Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu, ya bi umarni mai gaɓa biyu kamar a ce ya ɗauko buta ya kai bakin rijiya, ya saurari gajeriyar tatsuniya ya maimaita ta da bakinsa, ya ƙirga abubuwa goma yana taɓa su, ya gane wasu haruffa musamman na sunansa, ya jira layinsa ya zo, kuma ya iya kewayawa da kansa ya wanke hannu. Karanta jimla ko cika shafi da rubutu aikin aji ɗaya da aji biyu ne, kuma gaggawa a kansu ba ta cika haifar da komai ba sai tsoron makaranta.

Ni ban yi boko ba, uwarsa ma ba ta yi ba. Da me za mu taimaka masa?

Mafi yawan abin da yaro ke bukata a wannan mataki yana hannunku, kuma babu littafi a cikinsa. Abu na farko shi ne magana. Yaron da ake hira da shi, ake amsa masa tambaya, ake barin sa ya ba da labari har ya kai ƙarshe, yana zuwa makaranta da tarin kalmomi, kuma da waɗannan kalmomi ne zai fahimci abin da zai karanta nan gaba. Wanda kuwa maganar da ke shiga tsakaninsa da manya ba ta wuce “tashi”, “zo nan”, “yi mana shiru” ba, yakan iya haɗa haruffa daga baya amma ya rasa gane abin da suka ce.

Uwa tana tsince shinkafa ko tana surfe, tana iya faɗa wa yaro sunan abin da take yi, ta tambaye shi wanne ya fi nauyi tsakanin taɓarya da muciya, ta ce ya ƙirga kwanonin da za a zuba tuwo, sannan ta tambaye shi idan baƙo ya zo kwano nawa za su zama. Idan ana auna gero, ya riƙa ƙirga mudu da babbar murya. Idan kaji sun shiga akurki da magariba, ya duba ko sun cika. Wannan duka lissafi ne, kuma ya fi zama a kai domin yana da amfanin da yaron ke gani da idonsa.

Da dare kuma ga tatsuniya. Kakar da ta ce “ga ta nan, ga ta nanku” yara suka amsa “ta zo mu ji ta” tana koyar da abin da malamai ke sha wahala a kansa, wato labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma abu yana faruwa ne saboda wani abu. Ƙarin da ake so ta yi kaɗan ne: ta tsaya a tsakiya ta tambaya me suke tsammani Gizo zai yi yanzu, kuma bayan ƙurunƙus ta ce wa ƙaramin cikinsu ya sake ba da ita, ko da zai ɗora wutsiya a ka. Kacici-kacici irin su “shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya” ko “baba na ɗaka gemu na waje” suna wasa ƙwaƙwalwa, kuma karya-harshen nan na kwaɗo da ƙato da ƙoto yana sa kunne ya raba k da ƙ tun kafin ido ya gan su a allo.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a nan ko da yana da nauyi. A gidaje da yawa uwa tana alkunya ga ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi a gaban mutane. Al'ada ce mai asali, kuma ba a ce a yar da ita ba, amma gida ya tabbatar akwai wani babba, kaka ko goggo ko abokiyar zama, da ke zama da wannan yaro yana hira da shi kullum, domin kada ya zamana kowa ya ɗauka wani ne ke yi alhali babu mai yi.

Me ya sa ake koya musu da Hausa? Ai Turanci muka kawo su koya.

Manufar ilimi ta 2013 ta tanadi, a lokacinta, a koyar a wannan mataki da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin, kuma hujjar hakan a bayyane take. Koyon karatu aiki ne na gane cewa alamar da ke kan allo tana wakiltar sautin da ke baki. Yaron da ya ga “ba” da “ba” ya haɗa ya ji “baba” ya fito, fuskarsa takan washe domin ya san mutumin. Da kalmar baƙon harshe aka ba shi, da ayyuka biyu ne suka hau kansa a lokaci guda. Rubutun Hausa ma yana da sauƙin da na Turanci ba shi da shi, domin galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Turanci yana shigowa ta gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa, kuma wanda ya iya karatu da harshensa yana ɗaukar dabarar ya kai ta can. Inda akwai 'ya'yan Fulani ko na Mangawa da Hausarsu ba ta nuna ba, kamar yadda ake samu a wasu sassan jihar, ya dace malama ta nemi wani babba ko babban ɗalibi mai jin harshensu ya riƙa taya ta a makonnin farko.

Ba zai hana shi makarantar allo ba?

Ba ya hanawa idan an tsara lokaci. Rabin aji na safe ne, yakan tashi kafin azahar, makarantar allo ko Islamiyya kuma akan yi ta da asuba ko da yamma. Su biyun ma suna taimakon juna, domin yaron da ke babbaƙu ya riga ya san cewa harafi yana da suna da siffa, ya kuma saba da zama a gaban malami. Zai ɗan rikice a farko kan ɓangaren da ake fara rubutu, dama ko hagu, wannan kuma yana wucewa da kansa. Abin lura kawai shi ne barci: Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce 'yan shekara 3 zuwa 4 suna bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, don haka yaron da ya yi na asuba da na safe da na yamma dole a sama masa lokacin ƙailula.

Mene ne aikin uba a nan, tunda yaro ƙarami a hannun mata yake?

A ƙauye uba ne ke yanke hukuncin ko yaro zai je ko ba zai je ba, kuma shi ke iya shiga ofishin hedimasta ba tare da neman izinin kowa ba. Ya je da kansa ranar rajista, ya san malamar ko malamin ajin, ya leƙa ko da sau ɗaya a zango ba tare da an kira shi ba. Idan ya dawo daga gona ko kasuwa, maimakon “kun yi karatu?” wadda amsarta ba ta wuce “e”, ya ce, “Wace waƙa Malama ta koya muku yau? Rera mini in ji.” Idan ya ɗauki yaron zuwa gona ranar Asabar, ya nuna masa bambancin ganyen gero da na dawa, su ƙirga kunya tare, ya bar shi ya zuba iri a rami.

Matan da ba sa fita fa, yaya za su san abin da ke gudana?

Malama na iya kai musu ziyara gida bayan la'asar, kuma ziyara ɗaya takan warware abin da saƙo goma bai warware ba, domin a tsakar gida ne uwa za ta iya cewa, “Malama, yarinyar nan ba ta ji sosai da kunnen hagu.” Inda malamin namiji ne, ƙungiyar iyaye mata ko wata dattijuwa da ake girmamawa, kamar ungozoma ko matar liman, tana iya zama tsani. Taron mata kuma ya fi samun halarta idan aka yi shi a cikin gidan mai unguwa ko na dagaci da yardar mazaje, a lokacin da ba na girki ba.

Mene ne bambancin kwamitin SBMC, wato kwamitin gari mai kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai?

Ƙungiyar iyaye da malamai ta waɗanda 'ya'yansu ke makarantar ce. Kwamitin SBMC kuwa na gari ne baki ɗaya: akwai hedimasta, da wakilin malamai, da na ɗalibai, da na sarauta, da malaman addini, da wakilan mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai. Aikinsa shi ne tsara abin da makaranta ke bukata, da lura da zuwan malamai da na yara, da kai kuka ga ƙaramar hukuma. Rabin aji shi aka fi mantawa da shi a irin wannan zama, domin ba ya rubuta jarrabawa, kuma sau da yawa shi ake bai wa ɗakin da rufinsa ya yaye ko gindin bishiya. Saboda haka yana da kyau iyayen yaran ajin su tabbatar ana ambatonsa da sunansa a kowane taro, a tambayi wa ke koyar da shi, yara nawa ne, ina suke zama, ina suke shan ruwa.

Da damina da kaka muna bukatar yara a gida. Laifi ne idan ya yi fashi?

Ɗan shekara 5 ba ya noma, amma shi ake bar wa goyo idan uwa ta tafi cirar gyaɗa ko tsinkar zoɓo, kuma yakan rasa mai raka shi idan an ɗauke yayansa zuwa yankan riɗi. Ranar kasuwa ma haka take. A garuruwan da ke kewaye da Maigatari, Alhamis rana ce da azuzuwa ke raguwa. Fashin kwana ɗaya ba ya rushe komai, amma na makonni yana mayar da yaro baya, har ya dawo yana kuka kamar ranar farko. Maƙwabta na iya karɓa-karɓa, yau wannan gida ya raka yaran layi, gobe wancan. A ƙasar fadamar Haɗejiya kuma akwai ambaliya, kamar ta 2022 da ta sa makarantu da dama suka zama matsugunin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Idan hanya ta yanke, kada a tura ƙaramin yaro ya ratsa ruwa. A tara yaran unguwa a zaure, wani mai ɗan karatu ya riƙa yi musu waƙa da ƙirga da tatsuniya har ruwa ya janye.

Me ya shafi lafiya da abinci?

Yaron da ya fito da yunwa ba ya sauraro. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko kunun gyaɗa sun wadatar, kuma sun fi naira ashirin ɗin alewa. A ba shi ruwan sha a gora mai marfi. A duba katin riga-kafi, musamman allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, domin aji mai cunkoso wuri ne da cuta ke saurin yaɗuwa. Yaran da ba su cika shekara 5 ba ana ba su sinadarin bitamin A duk wata shida tare da maganin tsutsar ciki, da damina kuma ana bi gida-gida kowane wata da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, wanda sai an cika kwana ukun shansa yake aiki yadda ya kamata. Mai zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ido ya zauna a gida, a kai shi asibiti, a kuma aika wa malama.

Malama ta ce ba ta dukan yara. Ba za su sangarce ba?

Masu wannan tambaya sukan kawo karin maganar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne tarbiyya da wuri ake fara ta. Sai dai abin da bulala ke koya wa ɗan shekara 4 shi ne ya yi shiru, alhali aikin ajin gaba ɗaya shi ne a sa shi ya yi magana, ya gwada, ya yi kuskure a gyara masa. Horo yana nan: doka kaɗan da kowa ya sani, a janye mai faɗa daga wasa na ɗan lokaci, a sa wanda ya zubar ya kwashe, a yaba wa wanda ya jira layinsa a gaban 'yan uwansa. Idan yaro ya dawo da shaidar duka a jiki, uba ya je wurin hedimasta cikin natsuwa, in ba a gyara ba ya kai wa kwamiti.

Yana kuka kullum idan za a tafi. Mu ƙyale shi sai baɗi?

Kukan makonnin farko abu ne da aka saba gani. A raka shi, a yi masa sallama a fili, kada a sulale, a faɗa masa wanda zai zo ɗaukarsa, kuma a cika alkawari. Idan kukan ya ƙi ƙarewa, ko ya soma bayan ya riga ya saba, a bincika ko wani babban yaro ne ke cin zalinsa a hanya.

Ɗana bai iya magana sosai ba, ga shi bahago. A kai shi?

A kai shi, domin zama cikin yara yana buɗe baki. Amma yaron da ya kai shekara 3 ba ya haɗa kalmomi, ko ba ya waigowa idan an kira shi ta baya, ko kunnensa na zubar da ruwa, yana bukatar ma'aikacin lafiya ya duba shi, saboda sau da yawa matsalar ji ce ake ɗauka taurin kai ne. Mai in'ina a bar shi ya ƙarasa maganarsa, kada a ƙarasa masa, kada a bari a kwaikwaye shi. Bahago kuwa a koya masa ci da gaisuwa da dama kamar yadda addini da al'ada suka tanada, rubutu kuma a bar shi da hannun da ya fi masa sauƙi.

Yara sun fi ƙarfin malama ɗaya. Me iyaye za su iya yi?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, amma duk wanda ya leƙa makarantun karkara ya san ajin da ya ninka haka ba abin mamaki ba ne. Ɗaukar malamai aikin gwamnati ne, kuma hanyar nema ita ce kwamiti ya rubuta takarda mai ɗauke da adadin yara maza da mata, hedimasta da dagaci su sa hannu, a kai wa sakataren ilimi, a riƙe kwafi, a kuma koma bibiya. Yana da kyau a ambata a takardar cewa ana son mai shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma in da hali wadda ta karanci renon ƙananan yara, domin kwas ne da kwalejojin ilimi ke bayarwa. Idan garin yana da 'yarsa da ta gama kwaleji irin ta Gumel tana zaune a gida, a sa sunanta, saboda 'yar gari ba ta fashi don rashin kuɗin mota.

Kafin a samu amsa, akwai abin da ke hannun gari. Mata biyu ko uku na iya raba kwanakin mako, kowace ta zo ta zauna da rukuni ɗaya yayin da malama ke aiki da ɗayan. Kafinta ya ba da guntayen katako a goge su su zama kayan gini, tela ya tara ƙyallaye a ɗinka 'yartsana da ƙwallo, mai shago ya ajiye kwalaye a yanka a rubuta haruffa, matasa su kafa rumfar zana su haƙa masai, wata kaka kuma ta ɗauki safiyar Laraba ta zama ta tatsuniya. Duk wanda zai riƙa shiga ajin a kai a kai, kwamiti ya san shi, hedimasta ya rubuta sunansa, kuma kada a bar shi shi kaɗai da yara ba tare da malama tana kusa ba.